Ranar da Aka Wanke Mini Murhu

Tun da aka sanar a majami'a cewa Bitrus da matarsa Naomi ne za su karɓi aikina a makarantar Tsibiri, matasa suke ta sintiri gidan ɗana Yakubu a nan Kafanchan suna yi mini tambayoyi. Wani ya tambaya ko waya tana kamawa a can, wata ta tambaya ko da gaske akwai kada a kogin. Ba wanda ya tambaye ni zancen ice. Naomi da kanta, yarinya mai hankali da ta yi karatun koyarwa, ta zauna gabana ta ce, "Mama, girki ai ba wani abu ba ne. Za mu tafi da tukunyar gas." Na dube ta, na dubi mijinta, na ce su gyara zama. Abin da na gaya musu ran nan shi nake maimaitawa a nan, don na lura rabinsa ya bi iska.

Sunana Rahila, amma da Maman Yakubu aka fi sanina. Kuruciyata duk a bakin tashar jirgin ƙasa na ƙare ta, ina sayar wa fasinja tuwo da shinkafa. Maigidana Ishaya kafinta ne a ma'aikatar jirgin. Da ya yi ritaya na ɗauka lokacin miƙe ƙafa ya yi. Sai wata Lahadi aka ce ikilisiya tana neman dattijo da matarsa da za su je aikin bishara a wata makarantar kwana ta yara, can bayan Kagarko, domin matasan da ake turawa ba sa daɗewa. Kafin a gama karanta sanarwar mutumin nan ya ɗaga hannu. Ko dubana bai yi ba. A hanyar gida na tambaye shi da wa ya yi shawara, ya ce da Ubangiji. Na ce to sai ya tambayi Ubangijin wa zai riƙa yi masa tuwo a can. Duk da haka na ɗaure kayana.

Wurin ba irin tsibirin da ake zanawa a littafin makaranta ba ne. Kogi ne ya rabu biyu ya zagaye wani tudu, ya je gaba ya sake haɗewa. Da rani yaro ma yakan tattare wando ya haye. In ruwa ya zauna, sai da kwale-kwale. In kuwa aka yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, kogin yakan cika ya yi ja, ya riƙa zuwa da bishiyoyi sukutum, mai kwale-kwalen ya ɗaure abinsa ya tafi gonar cittarsa, kowa ya zauna inda ruwa ya same shi. Shi ya sa yaran ƙauyukan kewaye suke kwana a makarantar. In ba haka ba, karatu ya tsaya ke nan sai kaka.

Rabon aikinmu ba wuyar ganewa. Maigidana, Baban Yakubu, shi ne mai buga ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen taya da ya rataye a jikin mangwaro. Shi ke jan sujadar safe, ya ba yara labarin Yusufu da na Daniyel, in malami bai samu hayewa ba ya shiga aji ya riƙe su da lissafi, da yamma ya hau rufi yana neman inda yake yoyo. Ni kuma nawa kicin ne, da wanke gyambo, da shanya tabarmar masu fitsarin kwance ba tare da sauran sun gani ba. Hoton nan namu da kuke gani a allon sanarwa, muna murmushi da Littafi Mai Tsarki a hannu, ku duba da kyau za ku ga na ɓoye farcena a bayan littafin saboda baƙin tukunya.

Aikin farko da aka ba ni a kicin ɗin ba girki ba ne. Na tarar da wata tsohuwa 'yar wurin, Kaka Saratu, wadda take dafa wa yaran tun da aka kafa makarantar. Na iso da muciyata da taƙamata, ni da na saba ciyar da jirgi guda a tsaye. Ta karɓi muciyar ta jingine a bango, ta kai ni bayan kicin gaban tulin ice, ta ce in ware. Hausarta ba ta da yawa, kuma ba ta ɓarnar ta. Ta ɗaga wani ta ce, "Wannan marke, shi ne na tuwo." Ta ɗaga wani ta ce, "Wannan ƙirya, shi zai kwana." Ta shuri wani da ƙafa ta ce, "Wannan malaina, banza ne, hayaƙi kawai." Na yi ta ware ice har bayana ya ƙage, ina cewa a raina dubi abin da ɗaga hannun Ishaya ya jawo mini.

Sai da ruwa ya sauka na gane karatun. A Tsibiri, in damina ta yi tsakiya, ba abin da yake zama a bushe. Gishiri yakan zama ruwa a cikin gwangwani, kan ashana ya marmashe kafin ya kama, takalmin da ka ajiye jiya ka tarar ya yi fumfuna. Icen da muka sara da rani muka jibge a rumfa, ko ruwan sama bai taɓa shi ba, yakan sha danshin kogi har ya yi nauyi. In ka sa shi a murhu kai tsaye sai ya yi ta kumfa a baki yana tsiyaya, idonka ya yi ja, tukunya kuwa ko ɗumi ba za ta yi ba. Maganinsa ɗaya ne. A saman murhu akwai rodi da aka jera daga bango zuwa bango, kamar tsani a kwance. Kowace safiya ana sauke icen da ya kwana a kai a yi girki da shi, a ɗora wanda yake jingine a gefen murhu, a shigo da sabo daga rumfa a jingine a gurbinsa. Kaka Saratu takan ce, "Na gobe a sama, na jibi a gefe. Wuta kar ya mutu."

Da yamma, bayan an kwashe tuwo, akwai binne wuta. Za ka zaɓi gungumen ƙirya mai kaurin cinya, ka tura kansa cikin garwashi har ya kama, sannan ka rufe da toka. In ta yi yawa wutar ta shaƙe, in ta yi kaɗan ta cinye gungumen kafin gari ya waye. Hannu ne yake sanin ma'aunin, kuma nawa ya daɗe bai sani ba, damina guda tsohuwar nan tana tsaye a kaina. Da safe ka tona da ɗan kara, ka ga jan garwashi, ka durƙusa ka hura. Wani matashin fasto da ya kawo mana ziyara ya taɓa jan Baban Yakubu gefe, ya tambaye shi a hankali ko wutar nan da ba a bari ta mutu tana da alaƙa da abubuwan kakanni. Baban Yakubu ya ce ya bari ya kwana tukuna. Aka wayi gari da ruwa, ya zo ya sha kunu mai zafi har da ƙari, bai sake tayar da maganar ba.

Ita kuwa tukunyar gas ɗin Naomi, ban hana ta tafiya da ita ba. Za ta dafa shayi ita da mijinta. Amma tukunyar waken yara mutum biyu ne suke ɗaga ta, kuma wake ba ya sauri don kana gaggawa. Ranar da gas ya ƙare, kogi kuma ya cika, sai dai ta yi kujera da tukunyar.

Ciyar da yaro daban ne da ciyar da fasinja. Fasinja in miya ba ta yi masa ba zai zage ka, jirgi ya busa ya tafi da shi, ku rabu lafiya. Yaron makarantar kwana ba ya cewa komai. Zai miƙo kwano, ya karɓa, ya ce na gode Mama, kai ne za ka karanta sauran a fuskarsa. Akwai wanda yake ɓoye rabin tuwonsa a aljihu don ƙaninsa bai ƙoshi ba. Akwai wadda ba ta cin gwaten acca sai an yi kamar ba a ganinta. Ƙanzon tukunya kuwa, da ban sa doka a kai ba, da an yi jini. Iyayensu manoma ne, su suke aiko da masara da wake da doya kafin ruwa ya tsare hanya, kuma ba wanda ya taɓa tambayata yadda na yi da su. Sun dai san sun bar yaransu a hannun ikilisiya, ikilisiyar kuma, in an zo maganar ciki, ni ce.

Abu ɗaya ne maigidana ya kawo Tsibiri wanda ba na aiki ba. Lokacin da yake kafinta, bayan an tashi daga aikin jirgi yakan yi wa mutane akwatin gawa, kuma ba abin da ya tsana kamar wanda ake sayarwa a kasuwa, na malaina, a lulluɓe shi da yadi mai ƙyalli. Ya taɓa ganin gindin irinsa ya buɗe a bakin kabari, abin bai bar ransa ba. Don haka tun yana da ƙarfi ya sayi bishiyar maɗaci, aka tsaga masa, ya ware katakon mutum biyu, ya rubuta sunansa da alli a kan kashi ɗaya, nawa a kan ɗayan. Bai harhaɗa ba, ya ce kada in ce yana gaggauta ni. Katakon nan ya bi mu duk gidan da muka zauna a Kafanchan, ya kuma haye kogi tare da mu. Ya jera shi a ƙarƙashin kwanon ɗakinmu, nannaɗe da leda. Duk ƙarshen wata sai ya hau tsani ya duba ko gara ta kai ziyara, ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙarar, ya sauko yana murmushi kamar wanda ya dubo amarya. Na sha yi masa tsiya, yakan ce, "Ki yi dariyarki. Ranar nan ke za ki fi kowa jin daɗin kwanciya."

Shekarar da nake so ku riƙe ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar Kaka Saratu, lokacin kicin ya dawo hannuna ni kaɗai. Damina ta yi nisa, amma an samu 'yan kwanaki na rana, kogi ya ɗan ja baya. Sai ga matan zumunta na majami'armu ta Kafanchan, mota cike, sun zo ƙarfafa mu. Shugabarsu Mama Ngozi ce, ƙawata tun muna amare a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi, mai shago a kasuwa, mace mai kirki wadda ba ta iya zama wuri ba tare da ta gyara wani abu ba. Suka hayo kashi-kashi cikin kwale-kwale, da fararen riguna da zani iri ɗaya, suna waƙa suna kaɗa tulu, ga kuloli cike da shinkafa dafa-duka da za ta ishi kowa har yamma. Ni kuwa zazzaɓi ya kwana yana dukana.

Mama Ngozi ta taɓa goshina ta ce, "Mama Yakubu, yau kai ba kicin. Ka sha magani, ka kwanta. Mu ne za mu yi komai."

Na ce, "Ku dai bar mini murhu yadda yake."

Ta ce, "Haba! Ka ɗauka mu yara ne? Kwanta!"

Na kwanta. Baban Yakubu kuma ya tattara yara a majami'a tare da wasu daga cikin baƙin, ana ta koyon sababbin waƙoƙi.

Abin da suka tarar a kicin, in aka bi ta idon matan gari, ban ga laifinsu ba. Bango baƙi ƙirin, ice jibge a sama yana zubo kunkunniya a kan mai girki, toka tsibi guda a murhu. Tunda sun zo da abinci, ba a bukatar wuta ran nan. Suka sauke icen sama, suka kwashe na gefe, suka kai tsakar fili suka jera gwanin sha'awa, manya a ƙasa, ƙanana a bisa. Suka kwashe toka, suka tarar da gungumen ƙiryata yana ci a ciki, suka zuba masa ruwa kada ya ƙona yaro. Suka wanke murhu da soso. Suka shafe bango da farar ƙasa. Wata ma ta rubuta aya a saman ƙofa.

Ƙarar ruwa a kan kwano ce ta tashe ni da yamma, irin ruwan nan da ba ya sallama. Na ɗan kwanta ina saurare, sai na ji wani abu ba daidai ba. Babu warin hayaƙi. Tun da na sa ƙafa a Tsibiri ban taɓa shaƙar iskar da ba hayaƙi a cikinta ba. Na fito ko ɗankwali babu. Daga bakin ƙofa na hango icena a tsakar fili, ruwa yana dukansa, gindinsa ya riga ya nutse. Na shiga kicin na same shi fari tas, da sanyi kamar ɗakin asibiti, mata suna tsaye a jere suna jiran in yi murna.

Ban yi murna ba. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Mama Ngozi ta ce, "To ba ashana ne? Gobe mu hura wani." Na ce Allah ya kai mu goben. Da suka sauka bakin kogi za su koma, mai kwale-kwale ya nuna musu launin ruwan daga can ƙetare, ya girgiza kai, ya juya abinsa. Suka dawo da kayansu a ka. Baki ya ƙaru a Tsibiri, wuta babu.

Hura wuta da jiƙaƙƙen ice aiki ne da ba na yi wa maƙiyi fatansa. Da gari ya waye ruwa bai ɗauke ba, kogi ya hau har ya shiga rumfar ice ya tafi da na ƙasa, ya bar na sama yana ɗiga. Muka fara da kwali da tsofaffin takardu, suka ci suka mutu. Muka juye kananzirin fitila a kan marke, wuta ta tashi fuu, mata suka ce halleluya, kananzir ya ƙare ta kwanta. Aka ƙona tsumma, aka ƙona kara daga jikin tsintsiya, aka yi ta fifita da murfin kula har hannu ya gaji. Hayaƙi dai muka samu, ya isa a raba wa gari. Aka shiga neman busasshen ice ɗaki-ɗaki. Amma saboda gara, komai na makarantar ba na katako ba ne: bencin majami'a da na aji na laka ne, ƙofofi na kwano, abin kwanciya da tsani na ƙarfe. Turmi ba ya taɓuwa, da shi za a surfa masarar. Wata ta ce a fasa teburin wa'azi, wata ta ce Allah ya sawwaƙe, suka kama gardama a kan falle ɗaya na filawud da ba zai tafasa ruwan shayi ba.

Ran nan yara suka ci guntun shinkafar jiya da ɗan garin rogon da ya rage, na jiƙa shi da ruwa mai yawa don ya zagaya. Washegari babu ko wannan. Ɗakin ajiya cike da masara da wake da doya, ga yara a zaune a barandar aji sun naɗe hannu a cikin riga. Ba wanda ya yi kuka da farko, wannan ne ya fi damuna. Da lokacin kunu ya yi, sai ƙananan suka taso da kansu suka yi layi a ƙofar kicin da kofunansu, kamar kullum. Na tsaya da ludayi a hannu ba abin da zan ɗeba. A rayuwata ban taɓa jin kunya da tsoro irin na safiyar nan ba, don sama ba ta nuna alamar buɗewa, kuma na san ko ta buɗe kogin ba zai sauka nan kusa ba.

Ina nan tsaye sai na ga Baban Yakubu ya wuce da tsani a kafaɗa.

Na ce, "Baban Yakubu, rufi za ka hau a cikin ruwan nan?"

Ya ce, "Zo ki riƙe mini."

Na bi shi ɗakinmu. Ya kafa tsani, ya hau, na ji ƙarar leda. Sai a lokacin na gane. Na ce, "A'a. Sauko."

Ya ce, "Karɓi nan, kada ya faɗo miki a ka."

Na karɓa. Katakon yana da nauyi, a bushe ƙayau, ko danshi bai taɓa jikinsa ba. Na ce, "Na wa ka sauko da shi?"

Ya ce, "Nawa mana. Naki gajere ne, ba zai dafa wake ba."

Ban iya dariya ba. Muka yi ta saukewa har kashinsa ya ƙare, muka lulluɓe da ledar, muka ratsa ruwa da shi zuwa kicin.

Wata ta miƙo masa gatari, ya ƙi karɓa. Ya ce ba a sa wa maɗaci gatari. Ya aika aka ɗauko masa zarto da abin ferar katako, ya ɗora falle ɗaya a kan turmi, ya fara fera. Ɓawon ya riƙa fita yana nannaɗewa, siriri, ja, har ya tara abin da zai cika ƙwarya. Sannan ya yanka sauran gunduwa-gunduwa, duk tsawo ɗaya, yana hure garin zarto daga kan layi kamar mai shirin haɗa kujera. Mama Ngozi tana tsaye tana kallo. Ta san katakon nan tun a kwatas, ta sha taya ni yi masa tsiya a kai. Da idonta ya faɗa kan sunan da aka rubuta da alli, sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

"Baba Yakubu, wannan ba akwati naka ba ne? Yesu na! Ni ne na yi wannan!"

Bai ɗago ba ya ce, "Madam, in kuka za ki yi, ɗan matsa can. Kada ki jiƙa mini wannan ma."

Ashana ɗaya ta ishe ni. Ɓawon ya kama nan take, na ɗora ƙanana, na bi da manya. Maɗacin da ya shekara da shekaru yana bushewa ba ya hayaƙi, ci yake a natse, da zafi mai ratsa fuska. Kunu na fara ɗorawa don ƙananan da suke layi. Kafin ya tafasa na riga na raba wa matan zumunta aiki: duk icen da suka jera a tsakar fili su dawo da shi, marke a kan rodi, ƙirya a gefen murhu, malaina su bar shi inda yake. Suka yi ta jigila a cikin ruwa da fararen rigunansu, ba wadda ta yi waƙa. Jiƙaƙƙen icen ya riƙa tururi a sama yana ɗigo mana a wuya. Ana juya shi, ana sauke wanda ya yi sauƙi a hannu, ana ɗora wani. Kafin yamma farar ƙasarsu ta fara komawa launin da na sani.

Katakon bai isa ya ciyar da mu har kogi ya sauka ba, ba kuma don haka aka sauko da shi ba. Aikinsa shi ne ya riƙe wuta har icen sama ya bushe, kuma ya riƙe. Gunduwar ƙarshe ita ce mai sunansa. Ya juya ta a hannu, ya miƙo mini ya ce, "Sa wannan a ƙarƙashin wake." Na sa. Da na tura marken farko daga kan rodi ya kama ba gardama, sai na zauna a ƙasa. Da yamma na binne ƙirya. Matan suka zauna da mu har ruwa ya ja, kuma Mama Ngozi ce ta riƙa tashi tun da sassafe tana tona toka da kara. Har yau in muka haɗu a kasuwa, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Wuta fa?"

Baban Yakubu ya yi niyyar sake sayen wani katakon. Amma masu injin tsaga sun riga sun gama da manyan maɗatai na wajenmu, wanda ya samu ɗanye ne, ya ƙwanƙwasa ya ce wannan sai jikokinsa. Ya bar maganar, ya koma ƙararrawarsa da yoyon rufinsa, muka ƙara shekaru masu dama a Tsibiri. Bara da rani ciwo ya kwantar da shi, muka kawo shi asibiti a nan Kafanchan, Ubangiji ya kira shi. Yakubu ya je kasuwa ya sayo akwati mafi kyau da ya gani, da yadi mai ƙyalli da hannaye masu ruwan zinariya. Da ba kowa a ɗakin na ɗaga yadin na ƙwanƙwasa. Malaina ne. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Na ce a sauko da nawa a yi masa, aka auna aka ce ba zai shiga ba. Samarin da suka ɗauke shi tsofaffin yaran makarantar ne, wasunsu suna cikin masu layi da kofi a safiyar nan. Na ja babbansu gefe na ce kada su dogara da hannayen nan, su tallafe ta ƙasa. Haka suka kai shi har bakin kabari, tafin hannunsu a ƙarƙashinsa.

Na koma na ƙarasa shekarar, amma gwiwata ba ta iya durƙuson hura wuta kuma. Akwai wata mata, Talatu, da na koya wa aikin, ita take riƙe da murhun yanzu. Ku saurare ta ko da Hausarta ta ba ku dariya. Ku sari ice tun da rani, ku ɗaga rumfar ta fi inda take. In baƙi sun zo da tsintsiya, ku karɓe su hannu biyu, ku ba su aji da majami'a su share har su gaji, kicin kuwa ku sa kwaɗo.

Da na zo nan a maganata, Bitrus ya tambaya ko akwai kayan da nake so su aiko mini daga ɗakinmu in sun isa. Na ce ba komai, na kwashe abin da zan kwashe. Katakona dai yana nan a ƙarƙashin kwano, nannaɗe da leda, da sunana a jiki. Na ce duk ƙarshen wata ya hau tsani ya duba gara. In ruwa ya tsare su, wuta ta mutu, kada su tsaya neman izinina a waya, su sauke, su yi amfani da zarto ba gatari ba. Gajere ne, don haka su fara da kunu. In kuma Ubangiji ya riga ya kira ni ba su taɓa shi ba, to su duba sama tukuna. In rani ne, su aiko mini da shi. In damina ce, su bar shi inda yake, Yakubu ya san hanyar kasuwa.